Karatu da Kuɗin Zama a Aiki: Yadda Malamar Raino Take Bin T.E.A.C.H. da WAGE$ a Karolina ta Arewa

Rainon ƙananan yara a Amurka, daga jarirai zuwa 'yan shekara biyar, aiki ne da ake shigarsa da sauƙi a kuma bar shi da sauƙi. A ƙididdigar hukumar ƙwadago ta ƙasar, a 2023 albashin tsaka-tsaki na mai wannan aiki dala 14.60 ne a awa, wato kusan dala 30,370 a shekara. Manyan kantuna da rumbunan ajiyar kaya suna biyan haka ko fiye, ba kuma sai mutum ya canza wa kowa famfas ba. Shi ya sa malama take yin wata shida a aji ta kama gabanta, jaririn da ya saba da hannunta ya koma sabo da wani hannun.

Jihar Karolina ta Arewa ta daɗe tana neman maganin wannan da shirye-shirye biyu da ƙungiyar Child Care Services Association ta kafa. Na farko T.E.A.C.H., tallafin karatu ne da aka fara a 1990, yanzu jihohi da dama sun ɗauke shi. Na biyu WAGE$, ƙarin kuɗi ne a kan albashi, an fara shi a 1994 a gundumar Orange. Na bi su duka biyun ina malama a cibiyar raino mai lasisi, kuma hanyar zan zayyana, musamman saboda 'yan'uwa mata da suka zo daga gida da takardun makarantar Nijar ko Najeriya ko Ghana, irin waɗanda ke zaune a Greensboro inda 'yan Nijar suke da yawa. Abu ɗaya ki riƙe tun yanzu: duk kuɗin nan an ɗaure su ne da zamanki a cibiya guda. Ranakun da ke cikin takarda su ne suke yanke abin da za ki samu.

Ba kwaleji ake fara zuwa ba, ofishin shugabar cibiyarki ake fara shiga. T.E.A.C.H. yarjejeniya ce ta mutum uku: shirin, ke, da cibiyar da kike wa aiki. A babban tallafin da shirin yake bayarwa don ƙaramin digiri, wato digirin da ake yi a kwalejin al'umma ƙasa da na jami'a, sai cibiya ta sa hannu cewa za ta biya nata kason na kuɗin makaranta, za ta ba ki awannin karatu da albashinki yana tafiya, kuma in kin kammala shekara za ta yi miki ƙarin albashi ko ta ba ki kuɗi a dunƙule. Ke kuma sai kina aiki aƙalla awa 30 a mako.

Idan shugabar ta yi jim kafin ta amsa, kada ki ɗauka rowa ce. Kason kuɗin makaranta ba ya tsorata ta, ƙanƙane ne. Awannin karatun ne matsalarta. Dokar jihar ta ce malama ɗaya ba za ta riƙe jarirai fiye da 5 ba, 'yan shekara ɗaya fiye da 6 ba, 'yan shekara biyu fiye da 10 ba, 'yan uku fiye da 15 ba, 'yan huɗu fiye da 20 ba. Da zarar kin fita daga ajin jarirai, ko na minti talatin ne, dole wata ta tsaya a gurbinki, wadda aka riga aka binciki tarihinta kuma ta cika sharuɗɗan ajin. Shirin yana mayar wa cibiya wani ɓangare na kuɗin waɗannan awanni, amma kuɗi ba sa tsayawa a aji. Don haka ki je mata da tsari a hannu: wace rana, wace awa, wa zai riƙe yaran. Lokacin barcin rana ya fi sauƙin cikewa, haka ma ƙarshen yini bayan iyaye sun fara kwashe yara an haɗa azuzuwa. Ki kuma tuna mata abin da za ta ci: jihar tana ba cibiyoyi lasisi mai tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma zurfin karatun ma'aikata yana cikin abin da ake dubawa.

Wadda ta yi karatu a gida, a takardu za ta fi daɗewa, kuma a nan aka fi rasa zangon karatu guda cur. Kwaleji tana son shaidar kammala sakandare. Takardar WAEC ko NECO ko bakaloriya ba a karɓarta haka kawai; sai wani kamfanin tantance takardun ƙasashen waje, irin su WES, ya duba ya rubuta da me ta yi daidai a tsarin Amurka. Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai waɗanne kamfanoni suke yarda da su. Tantancewar iri biyu ce. Akwai wadda take cewa kawai wannan takarda daidai take da kaza, akwai kuma wadda take bin darasi ɗaya bayan ɗaya tana ba kowanne kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi, da maki. Mai NCE ko difloma ko digiri, ta biyun za ta nema ko da ta fi tsada, don da ita ce kaɗai za a iya yafe mata wasu darussa, kuma ita ce ake buƙata a wuraren da ake ƙirga yawan darussan ilimin yara da mutum ya yi. Takardun Faransanci sai an haɗa da fassarar Turanci mai hatimi. Yawanci kuma ana so makarantar da kika yi ce za ta aiko da sakamakon kai tsaye, ba ta hannunki ba, kuma duk wanda ya taɓa neman takardar sakamako daga gida ya san ba aikin mako ɗaya ba ne. Zangon kaka yana farawa a tsakiyar Agusta. Ki fara wannan fafutuka tun farkon shekara.

Sai batun suna. A fasfo sunan uba ne, a takardar sakandare sunan gari aka ƙara, a katin aiki sunan miji ne, ga Hadiza ta zama Khadija a wani wurin. Kowane bambanci yana iya tsayar da fayil makonni. Ki tanadi takardar aure ko ta rantsuwar kotu da ke haɗa sunayen, ki kuma yi amfani da sunan da ke katin Social Security ɗinki, wato katin lambar da gwamnati take ba ma'aikata, a duk fom ɗin da za ki cike.

Bayan haka akwai tabbatar da zama 'yar jiha, wanda ake yi ta intanet a tsarin da ake kira RDS. Kada ki raina shi. A kwalejojin al'umma 58 na jihar, 'yar jiha tana biyan dala 76 a kan kowane kiredit, wadda ba 'yar jiha ba tana biyan 268. Kiredit 12 ke nan dala 912 ga wannan, dala 3,216 ga waccan. Ana son shaidar kin zauna a jihar wata 12 a jere da niyyar zama, kamar lasisin tuƙi, takardar harajin jiha, yarjejeniyar haya, kuma irin takardar zamanki a ƙasar tana shiga lissafi. Wadda ta taso daga New York wata takwas da suka wuce, gara ta jira ta cika shekara.

Za a kuma ce ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. 'Yan ƙasa, masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira suna cikin waɗanda suka cancanta. Da bayanan harajin shekara biyu baya ake lissafi. Idan kin samu tallafin Pell, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395 a shekara ga mai karatu cikakken lokaci, kyauta ce, ba a biya. Sai dai ki buɗe ido a kan takardar tayin da kwaleji za ta aiko, domin a wasu makarantu ana jera tallafi da bashin ɗalibai a shafi ɗaya, kuma bashin yana da kuɗin ruwa. Ba dole ba ne ki karɓa. Ki amince da layin tallafi, ki ƙi layin bashi. Da Pell da T.E.A.C.H. a kwalejin al'umma, ban ga dalilin da zai sa malamar raino ta ci bashin karatu ba.

Shi kansa fom ɗin T.E.A.C.H. ba shi da wuya: bayananki, takardar albashi ta kwanan nan, shaidar kwaleji ta karɓe ki, da shafin da cibiya take cikewa da lambar lasisinta. Idan an amince, za a haɗa ki da jami'a guda mai kula da fayil ɗinki, a aiko da yarjejeniya ta shekara ɗaya. Ki karanta abu huɗu a cikinta kafin ki sa hannu: ranar farawa da ƙarewa, yawan kiredit, kason kowa, da tsawon zaman da za ki yi bayan ta ƙare. A tallafin ƙaramin digiri ana son kiredit 9 zuwa 15 a shekarar yarjejeniya. Shirin ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin makaranta da na littattafai. Rabon da aka saba gani a jihohi da yawa shi ne 80 cikin 100 ga shirin, 10 ga cibiya, 10 ga malama, amma wanda aka rubuta a takardarki shi ne naki. A kan wannan rabo, kiredit 12 zai ci miki dala 91.20 a shekara, ban da ƙananan kuɗaɗen kwaleji. Ana kuma ba da ɗan kuɗin zirga-zirga kowane zango.

Daga nan kowane zango aiki iri ɗaya ne, kuma wanda ya saɓa jerin shi yake biya daga aljihunsa. Kin yi rajistar darussa, sai ki aika wa jami'arki sunayensu da lambobinsu, ita kuma ta aika wa kwaleji takardar cewa shirin zai biya. Wannan sai ya isa kafin ranar ƙarshe ta biyan kuɗi, in ba haka ba kwamfutar kwaleji za ta cire ki daga aji, kujerar kuma ta tafi ga wani. Littattafai ki saya ki ajiye rasit mai nuna sunan littafi da farashinsa. Hoton cirar kuɗi daga banki ba ya wadatarwa. A ƙarshen zango ki aika da sakamako. Fayil ɗin da ba shi da sakamakon zangon baya ba a biya masa na gaba.

Janyewa daga darasi shi ne babban rami. A kwalejojin al'umma na jihar, in kin janye kafin ranar farko ta zango ana mayar da kuɗin duka, in kafin a ci kashi 10 cikin 100 na zangon ana mayar da kashi 75, bayan haka babu komai. Darasin da kika janye ba ya shiga kiredit 9 da yarjejeniya take nema, sannan yana taɓa tallafin tarayya, wanda yawanci yake son matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 da kammala kashi biyu cikin uku na abin da aka ɗauka. Saboda haka shawarata ga mai aikin awa 40 da miji da 'ya'ya: darasi ɗaya a zangon farko, ko biyu in an matsa. Zangon bazara gajere ne, aikin mako 16 ake cusawa a kusan rabinsa, kada ki fara da shi. Ki kuma duba kalanda ki ga inda azumi zai faɗo kafin ki loda wa kanki.

Darasin farko EDU 119 ne, gabatarwa ga ilimin ƙananan yara, kiredit 4. Shi ne yake ba da takardar shaidar jiha da ake nema ga malama mai riƙe da aji, don haka amfaninsa nan take yake. Bayansa akwai EDU 144 da 145 a kan girman yaro, EDU 146 a kan tarbiyya da sarrafa hali, EDU 153 a kan lafiya da kariya da abinci, EDU 234 a kan jarirai da 'yan tatata. Waɗannan ba sa ba mai aikin raino wahala, don abin da take gani kullum ne ake ba shi suna. Rubutun Turanci na ENG 111 da lissafi su ne suke kayar da mutane, musamman wadda ta yi boko da Faransanci. Kada ki tara su sai ƙarshe. Ɗauki ɗaya ki haɗa da darasin EDU mai sauƙi, ki kuma yi amfani da ɗakin taimakon rubutu na kwaleji, kyauta ne.

Akwai wani zaɓi da ake yi tun a fom ɗin shiga wanda mutane ba sa lura da shi sai an yi nisa. Ƙaramin digirin ilimin yara yana da layin da aka tsara don aiki kawai, da layin da aka tsara don wucewa jami'a a nemi lasisin koyar da yara daga haihuwa zuwa ajin share fage. Darussan kimiyya da lissafinsu ba ɗaya ba ne. Duk wadda take da ko ɗan tunanin yin babban digiri, ta zaɓi layin wucewa tun farko. Digirin kiredit sittin da wani abu ne. A kan 15 a shekara zai ci shekara huɗu zuwa biyar, a kan 9 kuwa shekara bakwai ko fiye. Babu mai son a ƙarshen wannan tafiya a ce masa ya koma ya ciko darussa huɗu.

Idan shekarar yarjejeniya ta cika da kiredit ɗinta, sai a zo batun lada. Inda aka ba ki zaɓi tsakanin ƙarin albashi da kuɗi a dunƙule, ki yi lissafi da biro. A ce kina karɓar dala 15 a awa aka ƙara miki kashi 4 cikin 100: santi 60 ke nan, a awa 2,080 na shekara ya zama dala 1,248, kuma baɗi yana nan, a kansa za a ɗora na gaba. Kuɗin dunƙule sau ɗaya ne. Cibiyoyi sun fi son sa saboda wannan dalilin. Ki kuma tabbatar an rubuta cewa ƙarin na karatu ne, daban da wanda ake yi wa kowa a shekara, don kada a haɗe miki biyu a ɗaya.

Sannan alƙawarin zama. A wannan tallafi shekara ɗaya ce a cibiyar da ta ɗauki nauyinki, kuma daga ranar da yarjejeniya ta ƙare ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da kika sa hannu ba. In kin sabunta, kina biyan zaman bara kina cikin karatun bana, amma kullum akwai shekara guda a gabanki bayan yarjejeniyar ƙarshe. Wadda ta ajiye aiki kafin lokaci tana iya rasa ladanta da damar sake samun tallafin, wasu cibiyoyi kuma suna da tasu takardar da ke cewa a mayar musu da abin da suka kashe. Idan cibiyar ce ta rufe ko ta rage ma'aikata, hukuncin daban ne; ki kira jami'arki a ranar.

WAGE$ ya fi sauƙin bayani. Kina aiki aƙalla awa 10 a mako da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko biyar a wuri mai lasisi, albashinki bai wuce iyakar da aka sa ba, kina da matakin karatu da ke cikin jadawalinsu: sai a biya ki bayan kowane wata shida da kika cika a wuri ɗaya. Kamar ɗaukar adashi yake, sai zagaye ya cika, da bambancin cewa wadda ta fita a wata na biyar ba ta da ko kwabo. Kafin a biya, sukan tuntuɓi cibiya su tabbatar kina nan da kuma awannin da kika yi, don da awanni ake auna kuɗin. Doguwar tafiya gida ko aikin Hajji tana iya rage kuɗin ko ta tura ranar biya gaba, don haka ki sanar da su kafin ki yanki tikiti. Yawancin kuɗin daga Smart Start suke fitowa, shirin da jihar ta kafa a 1993 zamanin Gwamna Jim Hunt, kuma kowace gunduma ita take yanke ko za ta shiga, nawa za ta biya, da iyakar albashin. Malamai biyu masu takarda iri ɗaya a gundumomi maƙwabta suna iya samun kuɗi daban, ko ɗaya ta samu ɗaya ta rasa. Wani lokaci kuma sai an shiga layin jira.

A nan shirye-shiryen biyu suke haɗuwa. Jadawalin WAGE$ hawa-hawa ne, ƙananan matakan kuma na wucin gadi ne, ana ba mutum wa'adi ya ƙara karatu ya hau ko a cire shi. Kiredit ɗin da T.E.A.C.H. ya biya su ne suke ɗaga ki. Amma ba sa sani da kansu. Duk lokacin da kika gama zango, ki aika musu da sabuwar takardar sakamako, ki kuma sabunta bayananki a tsarin WORKS na hukumar jiha mai kula da lasisin cibiyoyi. Mutane sukan zauna shekara a matakin ƙasa alhali sun cancanci na sama, don kawai takarda tana cikin jaka.

Kuɗin WAGE$ ba a cire musu haraji kafin su iso. A farkon shekara takardar 1099, mai nuna jimillar kuɗin da aka biya ki, za ta zo, sai an sa ta a lissafin haraji, don haka ki ware wani abu daga kowane biya. Wadda take kan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko tallafin abinci ko tallafin rainon 'ya'yanta, ta faɗa wa ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinta, domin wadda albashinta yake dab da iyaka, 'yan ɗaruruwan daloli suna iya tsallakar da ita.

Shin irin wannan kuɗi yana riƙe mutane kuwa? Gwaji mafi tsabta a Virginia aka yi shi a 2019, inda aka ba wasu malamai dala 1,500 ta hanyar ƙuri'a a kan su zauna wata takwas. Masu bincike na Jami'ar Virginia sun ga a cibiyoyin raino masu barin aiki sun sauko daga kashi 30 zuwa 15 cikin 100. Dala 1,500 a wata takwas na cikakken aiki kusan dala ɗaya ne kacal a awa, wanda ya nuna yadda ƙaramin abu yake raba zama da tafiya a wannan aiki. Birnin Washington ya tafi da nisa a 2022, ya ba mataimaka dala 10,000, masu riƙe da aji dala 14,000. Kentucky a shekarar ta bi wata hanya: mai aikin awa 20 a mako a cibiya, jiha tana biyan kuɗin rainon 'ya'yanta ko nawa ne albashin gidansu. A ganina ta Kentucky ta fi dacewa da matan da ke da ƙananan yara, don ta taɓa ainihin abin da yake fitar da su daga aiki. Raunin sauran kuwa shi ne ba albashi ba ne, kasafin kowace shekara suke jira. An ga haka da dala biliyan 24 na tallafa wa cibiyoyi da tarayya ta ware a 2021, wanda wa'adinsa ya ƙare a Satumbar 2023. Kada ki ɗora kuɗin haya ko na mota a kan WAGE$.

Akwai kuma abin da shugabannin cibiyoyi suka sani sarai suna sa hannu: takardar da suka taimaka aka samu ita ce take buɗe ƙofar fita. Ƙaramin digiri yana kai mutum aikin Head Start, shirin tarayya na yaran masu ƙaramin ƙarfi, ko mataimakiya a ajin NC Pre-K na jiha don 'yan shekara huɗu, babban digiri da lasisi kuma yana kai shi makarantar gwamnati mai inshorar lafiya da fansho. Babu laifi a tafi, amma a tafi da kalanda. Ki duba ranar da shekarar alƙawarinki take cika, ki duba ranar da wata shidan WAGE$ yake cika, ki sa ranar ajiye aiki bayan wadda ta fi nisa a cikinsu. Ki tambayi sabon wurin ko yana da lasisin raino kuma ko gundumarsa tana cikin shirin, domin ko yana ciki, ƙirgen wata shida daga ranar da kika fara can zai soma sabo.